Yadda Likitan Fisiyo Ke Taimakon Dattijo Ya Ci Gaba da Zama a Gidansa Lafiya

Ranar da dattijo ya yi faɗuwar farko, abin da 'ya'ya suka fi yi shi ne su zaunar da shi. "Baba, don Allah ka daina tashi. Duk abin da kake so ka yi kira a kawo maka." Tausayi ne ya kawo maganar, ba mai musun haka. Sai dai sau da yawa ita ce ke share wa faɗuwa ta biyu hanya, domin ƙafar da aka daina takawa ba ta tsayawa yadda aka bar ta. An taɓa gwada abin a Amurka, aka kwantar da wasu tsofaffi masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10 kacal. Da aka auna, sai ga shi tsokar ƙafafunsu ta zube da kusan kilo ɗaya. Masu lafiya ke nan, ina ga wanda dama jikin ya fara sanyi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutane kimanin 684,000 duk shekara, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Cikin waɗanda suka kai 65, kusan mutum ɗaya cikin uku kan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ya tsira da rai ma da sauran rina a kaba, don karayar ƙashin kwatangwalo kusan duk daga faɗuwa take zuwa, kuma da yawa ba sa komawa tafiya irin ta da.

A nan likitan fisiyo yake shigowa. Mutane sun fi saninsa da "likitan gashi", har wasu na ɗauka aikinsa bai wuce ɗumama gwiwa da tausa ba. Ga tsofaffi dai, gashi shi ne mafi ƙanƙantar aikinsa. Babban aikin shi ne ya gano ta ina faɗuwar za ta ɓullo, ya toshe, ya kuma dawo wa mutum da ƙarfin da zai riƙa tashi, ya shiga bandaki, ya fita tsakar gida, ba sai an tallafe shi ba.

Mataki na farko: ku gane lokacin kiransa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayoyi uku ne ma'aikatan lafiya ke farawa da su, kuma kowa zai iya yi wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa: An faɗi a cikin shekarar nan? Ana jin tangal-tangal wajen tsayuwa ko tafiya? Ana tsoron faɗuwa? In aka amsa ko da guda ɗaya da "e", lokaci ya yi.

Amma dattijo kan ɓoye, don ya san abin da zai biyo baya: a hana shi sakat. Saboda haka ku sa ido. Ya fara dafa bango da kujeru in zai ratsa ɗaki. Sai ya yunƙura sau biyu ko uku kafin ya miƙe. Yana jan ƙafa maimakon ɗaga ta. Ya rage shan ruwa da yamma don gudun fita fitsari cikin dare. Ko kuma an sallamo shi daga asibiti bayan doguwar kwanciya. Wannan na ƙarshen kada ku jira wata alama, makonnin farko bayan sallama suna cikin mafi haɗari.

Mataki na biyu: ziyarar farko

Ku tara duk magungunan da yake sha a jaka ɗaya, har wanda ya saya da kansa ba likita ya rubuta ba. Ku ajiye tabaransa, da takalmin da yake yawo da shi a gida, da sandarsa in yana da ita. Sannan ga shawarar da na san za ta yi wa uwar gida nauyi: kada a gyara gidan saboda baƙo zai zo. In kuka naɗe kafet ɗin da ya turo baki, kuka kwashe wayar caja da ke giciye a hanya, kun ɓoye wa likita abin da ya zo gani.

Zai zauna ya yi tambaya sosai. Yaushe aka faɗi, da wane lokaci, a ina, ana cikin yin me, an ji jiri kafin nan ko kuwa tuntuɓe ne, an fita hayyaci, an iya tashi da kai. Kowace amsa tana nuna wata hanya dabam. Wanda ya faɗi daga miƙewa daga gado da asuba matsalarsa ba ɗaya ba ce da wanda ƙafarsa ta harɗe a dokin ƙofa. Ku bar dattijon ya amsa da bakinsa. Na sha ganin an tambayi uwa, ɗiya ta yi caraf ta amsa, alhali ba ta wurin lokacin da abin ya faru.

Akwai tambayar da likita nagari ba ya tsallakewa: "Mama, me kike so ki koma yi da kanki?" Wata wanka za ta ce, wata kuma so take ta iya taka ƙafa ta je gidan maƙwabciyarta. A kan wannan amsar ake gina komai, don ba wanda ke jure wahalar atisaye wata da watanni in ba ya hango abin da zai samu.

Mataki na uku: aune-aune

Ba a buƙatar wata na'ura mai tsada. Kujera, agogo da abin awon hawan jini sun isa yin mafi yawan aikin.

Gwajin da ya fi shahara an fito da shi ne a 1991. Dattijo zai zauna a kujera mai hannu, a sa alama a ƙasa nisan mita 3. Da an ce "tashi", zai miƙe, ya je alamar da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya dawo ya zauna. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye a matsayin alamar haɗari. Likitan ba agogo kawai yake kallo ba. Yana lura da yadda mutum ya juya, domin a wajen juyawa asirin ƙafa ke tonuwa: mai ƙarfi zai kewaya a taku biyu ko uku, mai rauni sai ya yi ta ƙananan taku yana laluben abin dafawa.

Na biyu, tashi da zama. A rungume hannu a ƙirji, a ga sau nawa zai miƙe tsaye ya koma cikin daƙiƙa 30. Namiji ɗan shekara 70 zuwa 74 in ya kasa yin 12, mace ta kasa yin 10, ƙarfin cinyarsu ya gaza na sa'o'insu. Wanda sam ba ya iya miƙewa sai da hannu, sifiri ake rubuta masa, kuma ba abin kunya ba ne, daga nan za a fara.

Na uku, tsayuwa iri huɗu, kowace daƙiƙa 10: ƙafa a haɗe, sai a ɗan turo ɗaya gaba, sai diddigen ɗaya ya taɓa yatsun ɗaya kamar mai tafiya a kan igiya, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya. Wanda ya kasa riƙe ta ukun daƙiƙa 10 yana cikin haɗari.

Sai hawan jini. Za a auna yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe. In lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku da tsayuwa, to ga dalilin duhun da yake gani in ya tashi. Sau da yawa magani ne ke jawo haka. Likitan fisiyo ba ya canza wa kowa magani, amma zai rubuta wa likitan da ya bayar, musamman in akwai maganin barci, na kwantar da hankali, ko magunguna sun kai huɗu zuwa sama. Zai kuma duba tafin ƙafa ko yana jin taɓawa, don mai ciwon suga kan rasa wannan ji har ya riƙa taka ƙasa kamar yana taka auduga.

Akwai wani jiri da ya kamata a ware. Shi ne wanda ɗaki ke juyawa na 'yan daƙiƙoƙi in mutum ya juya a gado ko ya ɗaga kai sama. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne a can cikin kunne suka goce daga mazauninsu. Likitan da ya ƙware zai tabbatar da shi ta hanyar kwantar da mutum da kai a karkace yana kallon motsin idonsa, sannan ya mayar da ƙwayoyin ta jujjuya kan bi da bi, dabarar da ake kira Epley. Akan samu wanda ya shekara yana shan maganin jiri ya rabu da shi a zama ɗaya ko biyu. Kada dai ku kwaikwaya daga bidiyo, ba kowane wuya ke jure wannan juyi ba.

Mataki na huɗu: zagayen gida

Na taɓa kallon wata likitar fisiyo tana wannan aiki a ɗakin wata dattijuwa. Ba ta fara da lacca ba. Cewa ta yi, "Mama, ki kwanta kamar dare ne. To, fitsari ya matse ki, nuna min yadda kike yi." Dattijuwar ta yi dariya, ta zuro ƙafa, ta laluba silifa da yatsa, ɗaya ya shige ƙarƙashin gado, ta sunkuya ta jawo shi. Ta miƙe ta dafa wani ɗan teburi mai girgiɗi, ta yi taku shida kafin hannunta ya kai makunnin fitila. A ƙofar bandaki ta kama ƙarfen rataye tawul ta ɗora masa nauyinta duka. Likitar ba ta ce uffan ba sai da aka gama, sannan ta ɗaga yatsu huɗu. Tarko huɗu a tafiyar da ba ta kai minti ɗaya ba, kuma ana yin ta sau biyu ko uku kowane dare.

Gyaran bai ɗauki kwana biyu ba. Fitila a inda hannu zai kai daga kan gado. Takalmi mai rufe diddige da gindi mara santsi a maimakon silifa. Aka fitar da teburin. Aka kafa ƙarfen dafawa na gaske a bango, wanda aka ɗaure da kusoshi masu iya ɗaukar nauyin mutum.

Sauran abin da zai duba duk na wannan salo ne. Kujera mai laushi da mutum ke nitsewa a ciki abokiyar gabar tsoho ce. Wadda ta dace ita ce mai tauri, mai hannu, wadda in ya zauna ƙafarsa na ƙasa kuma ɗuwawu bai yi ƙasa da gwiwa ba. Gado ma haka. Mazaunin bandaki in ya yi ƙasa akwai abin ɗorawa a ƙara masa tsawo. Wurin wanka a sa shimfiɗar roba mara santsi da kujerar zama. Matakala ta samu abin riƙewa, in da hali ta ɓangare biyu, a kuma shafa wa bakin kowane mataki launi mai fita. Kayan da ake ɗauka kullum a sauko da su tsakanin ƙugu da kafaɗa, a raba shi da hawa kujera. Mai tabarau irin mai gani biyu, na nesa a sama na karatu a ƙasa, ya yi hattara a matakala, don ɓangaren ƙasan yana dusashe masa inda zai taka. A wasu wurare akwai wani ma'aikacin lafiya dabam da ya ƙware kan gyaran gida da ayyukan yau da kullum, sukan yi aikin tare.

Gargaɗi ɗaya: kada ku juya masa ɗaki gaba ɗaya rana ɗaya ba da saninsa ba. Ƙafarsa ta haddace inda komai yake, ko a duhu. Ku yi shawara da shi, gidansa ne.

Mataki na biyar: atisaye

Duk abin da ya gabata share fage ne. Ko an lulluɓe gida da katifa, in ƙafa ba ta da ƙarfi sai an faɗi. Abin farin ciki shi ne tsoka ba ta san ritaya ba, ɗan shekara 90 ma in ya motsa ta yadda ya kamata tana ƙaruwa.

Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka fi gwadawa shi ne na Otago, wanda masana a Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand suka tsara a shekarun 1990. An gwada shi a kan mutum sama da dubu, 'yan shekara 65 zuwa 97, a gidajensu, ya rage faɗuwa da kashi 35 cikin ɗari, kuma 'yan 80 zuwa sama ne suka fi cin moriyarsa. Atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa ne, kimanin minti 30, sau uku a mako, da tattaki aƙalla sau biyu a mako. Likita kan zo gida 'yan lokuta a makonnin farko, daga baya ya riƙa bibiya.

Ga irin abin da za ku ga ana yi. Tashi da zama daga kujera, da farko da hannu biyu, sai hannu ɗaya, sai ba hannu. A matso bakin kujera, a ja ƙafa baya ƙarƙashin gwiwa, a ranƙwafo har hanci ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan a miƙe. Wajen komawa a sauka a hankali, kada a zube, don rabin amfanin yana cikin saukar. Sai miƙe gwiwa daga zaune, da ɗan nauyi ɗaure a idon sawu. Sai ɗaga ƙafa gefe ana riƙe da abu mai ƙarfi, wannan na gina tsokar kwatangwalo da ke hana mutum kifewa gefe. Sai ɗage da tsayuwa kan yatsu, da tsayuwa kan diddige a ɗaga yatsu, wanda ke maganin jan ƙafa da tuntuɓe. Sai tafiya gefe-gefe, tafiya da baya, tafiyar diddige-bin-yatsa, da kewaye kamar ana zana lamba 8 a ƙasa.

To in abin ke nan, me ya sa sai da likita? Saboda awo. Atisayen daidaito ba ya aiki sai ya ɗan girgiza mutum. In ya yi sauƙi ɓata lokaci ne, in ya yi tsanani a faɗi garin neman gira a rasa ido. Likitan ne ya san ranar da za a ce "yau saki hannu ɗaya", da ranar da za a ƙara nauyi. Shi ne kuma zai sauya tsarin ga mai ciwon gwiwa, mai ciwon zuciya, mai lalacewar ƙashi, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko mai cutar Parkinson (cutar ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa da sandarewar jiki) da ƙafarsa ke kafewa a bakin ƙofa, wanda akan koya masa takawa da ƙirga ko tsallake layin da aka zana a ƙasa.

Mutane kan ce, "Ai Baba yana tattaki kullum." Tattaki na da kyau ga zuciya da numfashi, amma shi kaɗai ba ya hana faɗuwa. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce bayan motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, tsofaffi su haɗa da atisayen ƙarfi da daidaito kwana uku ko fiye.

Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu bayan farawa ba komai ba ne. Ciwon ƙirji, jiri, numfashi sama-sama, ko zafi mai suka a gaɓa, waɗannan a tsaya nan take a nemi likita. Sannan a sani sai an yi makonni kafin a ga bambanci, kuma ranar da aka daina, ƙarfin ya fara komawa inda ya fito. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a liƙa atisayen a jikin abin da aka saba: tashi da zama sau goma kafin a kunna rediyo, ɗage sau goma lokacin da ake jiran ruwa ya yi zafi.

Mataki na shida: sanda da abin dogarawa

Yawancin sandunan da ke hannun tsofaffi gado ne ko kyauta, ba wanda ya auna. Awon mai sauƙi ne: ya tsaya da takalminsa, hannu a sake, mariƙin sandar ya zo daidai wuyan hannu, yadda in ya riƙe gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe. Ana riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar da ke ciwo. In gwiwar hagu ce, sanda a dama, sandar da ƙafar hagu su tafi gaba tare. Kusan kowa akasin haka yake yi in ba a nuna masa ba. A matakala, lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, mai ciwo da sanda ke fara sauka. A riƙa duba robar gindinta, in ta cinye ta zama abin zamewa.

Wanda sanda ta yi wa kaɗan akan ba shi abin dogarawa mai ƙafa huɗu, mai taya ko mara taya. Ba a kama shi a miƙe daga zaune, kifewa yake; a tura hannun kujera a miƙe tukun, sannan a kama. Wasu dattawan kan ƙi shi don ganin kamar an yanke musu hukunci. Likita ya fi 'ya'ya iya shawo kansu, wataƙila don shi ba ya haɗawa da faɗa.

Mataki na bakwai: in an faɗi

Duk ƙoƙarin da aka yi, wata rana ana iya faɗuwa, kuma daɗewa a ƙasa sama da sa'a ɗaya na da nasa haɗarin: sanyi, ƙishirwa, lalacewar tsoka da ƙoda. Don haka ake koyar da tashi tun kafin a buƙace shi. A tsaya a numfasa, a ji ko akwai inda ya karye. In babu, a mirgina gefe, a ɗago kan hannu da gwiwa, a rarrafa zuwa kujera mai ƙarfi, a ɗora hannu biyu, a kafa ƙafar da ta fi ƙarfi a gaba, a yunƙura, a juya a zauna. Likitoci kan koyar da shi daga ƙarshe zuwa farko, wato a fara da durƙuso kusa da kujera a miƙe, sai an iya sannan a ƙara sauka, don kada tsoro ya kama mutum ranar farko.

Wanda ba zai iya ba, a tanadar masa hanyar kira: waya a aljihu ko rataye a wuya, ba a kan teburi ba.

Ku kuma masu jinya, akwai naku darasin. Kada ku kama hannu ko hammata ku finciko, kafaɗar tsoho ba ta da wuyar gocewa, ku ma bayanku zai ji a jikinsa. Ku kawo kujera kusa, ku riƙe shi ta ƙugu, ku bar shi ya yi yawancin aikin. In ya bugu a kai, musamman mai shan maganin tsinka jini, ko yana kukan kwatangwalo, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kada a ɗaga shi. A rufa masa bargo a kira agajin gaggawa. Haka in baki ya karkace, magana ta harɗe, ko hannu ɗaya ya saki, wannan asibiti ne nan take, ba aikin fisiyo ba.

Bayan wata biyu ko uku likitan zai dawo da kujerar nan da agogon nan ya maimaita gwajin farko. Ku rubuta lambobin a takarda ku liƙa inda dattijon zai riƙa gani. In daƙiƙa 18 ta koma 13, za a ƙara wa atisayen wuya, a fara fita waje inda ƙasa ba ta daidaita ba. In lambar ta tsaya cik ko ta ƙaru duk da ana yi, zai mayar da ku wurin likitan asibiti a bincika ido, jini, zuciya da magunguna. A sake kiransa kuma duk lokacin da aka yi sabuwar faɗuwa, aka kwanta asibiti, aka canza magani, ko aka koma wani gida.